Yadda Ake Tantance Cutar Albaras a Ɗakin Likita

Albaras, wadda likitocin fata ke kira bitiligo, cuta ce da garkuwar jiki ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launinta, sai fararen tabo su fito a fuska ko yatsu ko gwiwa, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Mai ita daga Nariya ko sauran ƙauyukan Kibiya yakan fara zuwa asibitin Rano kafin a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, saboda haka yawancin aikin tantancewar yana kan ma'aikacin da ya fara ganinsa.

Da tambaya ake farawa: yaushe tabon ya fito, ko yana ƙaruwa, ko akwai mai irinsa a dangi, da abin da aka shafa masa. Tambayar ƙarshe sai an maimaita ta, domin ba kowa ke ambaton man bilicin ko haɗin mai magani ba, alhali suna iya kawo farin tabo nasu. Daga nan a duba jiki duka a hasken rana, har leɓe da hamata da fatar kai.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne raba albaras da kuturta, kuma ido kaɗai ba ya wadatarwa. Tabon albaras fari ne fat, sumul, mai iyaka a fili, na kuturta kuwa yakan kwashe launi kaɗan ne kawai, kuma yakan mutu. Mai dubawa zai murza ɗan zaren auduga, ya fara taɓa lafiyayyar fata idon majiyyaci a buɗe, ya ce masa ya nuna wurin da yatsa, sannan ya sa shi ya rufe ido, ya riƙa taɓa tsakiyar tabon da gefensa ba a jere ba. Wanda ya tsallake gwajin farko zai samu amsar banza, musamman daga yaro ko dattijon da ke cewa "e" don kunya. Idan tabon ba ya ji, sai a lalubi jijiyar bayan gwiwar hannu ko ta yi kauri, a tura mutum wajen masu kula da kuturta nan take. Wajen raba albaras da kyasbi kuwa, kankarewa kaɗan takan tayar wa kyasbi da gari.

Fitilar Wood, mai hasken da ke sa albaras ta yi ƙyalli a ɗaki mai duhu, tana da amfani, amma a baƙar fata rashinta ba hujja ba ce ta jinkiri.

Ana auna faɗin cutar da tafin hannun majiyyacin har da yatsu, wanda ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jiki. Ƙananan ɗige-ɗige a bakin tabo, ko sabon fari a kan ƙwarzane, alama ce cutar tana tafiya, farin gashi a cikin tabo kuwa yana nuna launi zai yi wuyar dawowa. A ɗauki hoto da waya bayan neman izini, a wuri ɗaya da haske ɗaya kowace dawowa. Gwajin jini na tayirod, wanda ke maƙoshi, yana da ɗan tsada, amma ya cancanci kuɗinsa, domin ciwonsa yakan zo tare da albaras.

Kada a sallami mutum ba a tambaye shi yadda ake zama da shi a gida da kasuwa ba, kuma a faɗa wa wanda ya rako shi ƙarara cewa cin abinci kwano ɗaya da shi ba ya sa kowa kamuwa.