Wasan Zane ko Manhajar Tsara Labari?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya tambaya: wanne ya fi wa mai son ba da labari da zane amfani, wasannin zane na intanet ko manhajojin tsara labari?

Malam, manhajar ta fi. Wasan Quick, Draw! da Google ya fitar a 2016 yana ba ka daƙiƙa 20 ka zana abu guda, kwamfuta ta canka. Hannu zai yi sauri, amma labari yana buƙatar hotuna a jere. A manhajar Storyboarder, wadda kyauta ce, kai ke zaɓar hoton da zai fara, wanda zai biyo baya, da inda za a matso da fuska. Za a ce wasa ya fi jan hankalin yara. Haka ne, su fara da shi, sai dai wasan ba ya koya musu jera labari.