Sunan Ado da Aikin Ado: Nasiha ga Ɗaliban Adabi

 Akwai abin da yake damuna a takardun da yawancinku ke rubutawa idan an ba ku waƙa ku yi nazari. Ɗalibi zai bi baitoci ɗaya bayan ɗaya yana cewa nan akwai kamantawa, nan akwai siffantawa, can kuma mutuntarwa, ya ja layi ƙarƙashin kowace, ya ajiye alƙalami yana ganin ya gama. Bai yi ƙarya ba, duk abin da ya lissafa yana nan. Amma da za a tambaye shi dalilin da ya sa mawaƙin ya ɗauko wannan adon a wannan gurbin, da abin da adon ya ƙara wa maganar, sai ya yi shiru. Wanda ya lissafa daddawa da citta da masoro da kanumfari bai gaya mana komai a kan miyar ba tukuna, sai ya ɗanɗana ya ce ga abin da ya ji, ga abin da ya yi yawa.

Kada ku ɗauka raina sunayen nake yi. An sha wuya kafin a same su. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karanta balaga da rassanta uku, ma'ani da bayani da badi'i, a littattafai irin su Jauharul Maknun na Abdurrahman Al'ahdari, wato mai Ahalarin nan da kuka karanta kuna yara. Sun san tashbihi da isti'ara da kinaya, amma da Larabci, kuma a kan waƙar Larabci. Da aka fara koyar da Hausa da harshen Hausa a jami'o'i, dole ta sa malamai suka zauna suka nemo kalmomin da za mu yi muhawara da su a kan namu adabin. Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da ya fito a 1990. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, Farfesa Abdullahi Bayero Yahya ya rubuta Salo Asirin Waƙa a 2001, Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo kuma ya sake gyara tsohon aikinsa ya fito da Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa a 2007. Ku haddace kalmomin nan, ku girmama waɗanda suka samar da su. Roƙona dai shi ne kada ku tsaya a nan.

Mu ɗauki dabbantarwa, domin a kanta abin ya fi fitowa fili. Makaɗin fada idan ya tsaya gaban sarki ya kira shi giwa ko zaki ko bajimi, dabbantarwa ya yi. Idan ya juya kan wani ɗan sarki da ke harin gadon sarautar ya kira shi kura ko biri, ita ma dabbantarwa ce. Suna ɗaya ne, amma ta farko ta ɗaga mutum, ta biyu ta zubar masa da girma a gaban taro. To, ɗalibin da ya rubuta “a nan akwai dabbantarwa” ya tsaya, me ya faɗa mana? Aikin yana wajen tambayar wace dabba, kuma me Bahaushe ke ji a ransa idan an ambace ta. Kura ba a littafi muka san halinta ba, a tatsuniya muka san ta da kwaɗayi da tsoro da yawon dare. Dila malamin daji ne saboda wayo. Giwa girma gare ta da nauyi da tafiya a natse, ba a tare mata hanya. Ko a cikin yabon ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Abin da Narambaɗa ke son a gani a jikin Sarkin Gobir na Isa kwarjini ne da gado da natsuwa, abin da Ɗan'anace ke son a gani a jikin Shago kuwa ƙarfi ne da ban tsoro a fagen dambe. Wanda bai ji tatsuniya ba, bai san kirari ba, bai san yadda fada take ba, zai iya gane sunan adon, amma ma'anarsa za ta wuce shi. Shi ya sa nake ce muku zama da kakanninku da daddare yana cikin karatun adabi.

Haka kamantawa. An koya muku kashi uku, na daidaito da na fifiko da na kasawa, da kalmomin da ake gane su da su: kamar, tamkar, awa, sai ka ce, ya fi, ya ɗara, bai kai ba. Da kyau. Yanzu ku saurari bambancin. Idan saurayi ya ce fuskar budurwarsa kamar farin wata take, ya bar wa mai sauraro damar ya dubi fuskar ya dubi watan ya auna. Idan ya ce ita ce farin wata, ya koma siffantawa, ya hana awon, ya ce a karɓa haka nan. Na farko lallashi ne, na biyu hukunci. Sannan ku tuna abin da farin wata yake ga mutanen da suka tashi babu lantarki: daren gaɗa ne da dandali da hira, daren da ba a tsoron fita. Da wannan nauyin kalmar ta shigo waƙa, kuma shi ne abin da nake so in gani a takardarku.

Wani abin lura shi ne adon harshe bai fara daga mawaƙa ba. Mahaifiyarku tana yinsa tun safe har dare. Barci ya sace ni, yunwa ta kama yaro, ciwo ya kayar da shi, duk mutuntarwa ce. Ya riga mu gidan gaskiya, ta sauka lafiya, wannan sakaya zance ne da kunya da tausayi suka haifar. Farin jini, baƙin ciki, taurin kai, zafin nama, duk ado ne da ya tsufa a baki har muka daina jin sa. Amfanin sanin wannan shi ne ku iya raba abin da harshe ya ba mawaƙi kyauta da abin da shi ya ƙago, ko tsohon da ya juya har ya koma sabo a kunne. Wanda ya yaba wa mawaƙi don ya ce baƙin ciki, Hausa ya yaba, ba mawaƙin ba.

Zambo da habaici kuwa ina ganin kuna yawan gwama su. Zambo yana nuna mutum, ko da suna ko da siffar da kowa zai gane shi, ya muzanta shi. Habaici jifa ne ba suna, wanda ya tsargu shi ya sani, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin mai habaici ya bar wa kansa hanyar fita, mai zambo kuwa ya tsaya a fili. Idan kun ga mawaƙi ya zaɓi habaici, ku tambaya wa yake shakka, ko wa yake kunya, ko wane zumunci yake gudun yankewa. Kambamawa ma kada ku kira ta ƙarya. Mai faɗa da mai ji duk sun san ba a zahiri ake nufi ba, girman abin da ke zuciya ake son a nuna.

Yanzu ga inda na fi so ku ba ni hankalinku, wato kunne. Awon waƙa da muke kira aruli Alhalil ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara shi, ya fitar da karuruwa 15, daga baya Ahfash ya ƙara na 16. Farfesa M. K. M. Galadanci ya nuna a 1975 yadda rubutattun waƙoƙin Hausa masu yawa ke hawa waɗannan karuruwan, domin Hausa ma tana raba gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Sai dai rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya, amma gaɓar farko ta ɗaya gajeriya ce, ta ɗayan doguwa. Wanda ya yanka waƙa da ido kawai zai yi ta ganin illa inda babu ita. Ku rera, ku sake rerawa, sannan ku ɗauki alƙalami. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da kunne ya gina Imfiraji, kuma masana sun nuna cewa karin da ya ɗora ta a kai daga kiɗan caji ya fito. Ɗalhatu Muhammad ma da saurare ya gano cewa bayan amsa-amon harafi akwai mawaƙan da ke daidaita hawa da saukar murya a ƙarshen ɗango, abin da takarda ba za ta taɓa nuna muku ba.

A waƙar baka abin ya fi haka. Gindin waƙa da ɗiyanta, inda jagora ya tsaya 'yan amshi suka karɓa, inda ya yi shiru ya bar kiɗa ya yi magana, duk ba sa zuwa a rubuce. Kotson Narambaɗa, kalangun Shata, kuntigin Ɗanmaraya Jos, kowanne yana da hannu a ma'anar abin da aka faɗa. Yau waƙoƙin nan suna cikin wayoyinku. Kada ɗayanku ya yi nazarin waƙar da bai saurara ba.

Masu nazarin zube, ku ma tambayar ɗaya ce. Kowa ya san Magana Jari Ce labari ne cikin labari. Amma a littafi na farko me ya sa aku yake ba da labaran? Don ya shagaltar da Musa ɗan sarki, kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Ke nan kowane labari garkuwa ne, kuma tsarin littafin da kansa yana tabbatar da sunan da Abubakar Imam ya ba shi. A Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin ne da kansa yake ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa, don haka tun farko mun san ya tsira daga bauta. Wannan waiwayen ya ɗauke fargabarmu daga kansa ya ɗora ta a kan mahaifiyar da ta bar gida tana neman ɗanta. Wanda ya rubuta “an yi amfani da waiwaye” bai kai ga wannan ba, kuma wannan shi ne abin da ke sa mai karatu hawaye.

Za ku tarar malamai ba su haɗu a kan kowace kalma ba. Abin da wani ya kira jigo, Gusau turke yake ce masa a waƙar baka. Wani ya ce amsa-amo, wani ya ce ƙafiya. Wannan bai isa faɗa ba, 'ya'yana. Ku faɗi wanda kuke bi tun a farkon takarda, ku tsaya a kansa har ƙarshe. Idan kuwa kuna nazarin waƙar Aminu Ala, ko waƙar fim, ko littafin Balaraba Ramat Yakubu, kuka ci karo da wata dabarar da babu sunan da ya zauna mata daidai, kada ku tura ta cikin sunan da ba nata ba don ku cika shafi. Ku kawo wurin, ku bayyana da Hausarku ta yau da kullum abin da marubucin ya yi da abin da ya sa kuka ji, sannan ku kai wa malaminku ku tattauna. Allah ya ba ku sa'a.