Kafin Ka Riƙe Sitiyari A Ingila: Abin Da Za Ka Yi Da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Ɗana, tunda biza ta fito, zauna ka saurara, ko karatu zai kai ka, ko ziyara, ko ganin likita. Na ga mutanen kirki sun tafi da mutuncinsu sun dawo da bashin tara. Na ga wanda aka ƙwace wa mota a bakin titi, iyalinsa na tsaye cikin sanyi. Sabo ne ya ja musu. Hannun da ya shekara da shekaru yana tuƙi a Kano ko Maraɗi ba ya shawara da mai shi kafin ya karya sitiyari. Kuma a can ba ka da wanda za ka ce wa "yallaɓai a yi haƙuri". Kyamara ke ɗaukar lambar mota, takardar tara ta iske ka har gida.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka riƙe hannun hagu. Najeriya ta koma hannun dama tun 1972, Ingila tana nan inda take. Ba a cikin cunkoso haɗarin ya fi yawa ba, don a nan kana bin na gabanka. Ka ji tsoron titin da ba kowa, da fitowa daga gidan mai, da kwanar farko da sassafe. A nan ne hannu ke komawa gida, sai ka ga mota gaba da gaba.

2. Ka fara duba dama kafin ka tsallaka titi da ƙafa. Daga nan mota ke zuwa, shi ya sa aka rubuta gargaɗin a kan kwaltar Landan saboda baƙi irinka.

3. A shataletale ka tsaya wa wanda ke tahowa daga damanka, sannan ka shiga ta hagu. Wanda ya kutsa kai, laifin nasa ne.

4. Ka san cewa lambar da ke jikin allo mil ce, ba kilomita ba. Mil 30 a cikin gari, 70 a babbar hanya, wato kusan kilomita 112. Unguwannin Landan da yawa 20 ne, haka ma Wales tun 2023. Mafi ƙarancin tarar gudu fam 100 ne da makin laifi 3 a lasinka.

5. Ka tsaya cak wa mai tafiya a ƙasa a wurin tsallakawa mai zanen fari da baƙi. Hanyar tasa ce, ko yaro ne.

6. Ka tabbatar sunanka na cikin takardar inshora kafin ka taɓa motar kowa. Wannan ya kayar da mutane fiye da kima. A gida ɗan'uwa ya miƙo makulli, magana ta ƙare. A can inshora tana bin direban da aka ambata ne. In an tare ka, fam 300 ne da maki 6, ana iya ɗauke motar nan take, shi ma mai motar ya shiga uku don ya ba ka. Karamcinsa ya zame muku fitina ku biyu.

7. Ka ƙirga watannin lasinka. Na Najeriya ko na Nijar wata 12 kaɗai yake yi maka aiki. In zama za ka yi, nemi nasu ka ci jarrabawarsu kafin lokacin ya cika.

8. Kowa ya ɗaura bel, har na kujerar baya. Yaron da bai kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 ba, kujerar yara za a sa shi. Cinyar uwa ba ta riƙe jariri in an taka birki da ƙarfi.

9. Ka duba bakin famfo kafin ka zuba mai. Da kanka za ka zuba: kore fetur, baƙi dizal. In ka yi kuskure kada ka tayar da injin, ka kira masu gyara.

10. In an yi haɗari ka tsaya, ka ba da sunanka da adireshinka da lambar mota. In akwai rauni kira 999. Babu taron da zai far maka, gudun shi ne babban laifin.

11. Ka bi layi, ka cika lokaci, ka sanar kafin ka je gidan mutum. Wanda ya makara wurin likita yana iya rasa ranarsa.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka miƙa wa ɗan sanda ko ma'aikacin kwastan na goro, ko da wasa. Ƙaramin laifin titi sai ya koma shari'ar cin hanci.

2. Kada ka riƙe waya kana tuƙi, ko da danja ta tsayar da kai. Fam 200 ne da maki 6.

3. Kada ka danna oda don gaisuwa ko don a matsa maka. Haramun ne a cikin gari daga sha ɗaya da rabi na dare zuwa bakwai na safe, da rana ma zagi ake ɗaukarta in babu haɗari.

4. Kada ka haska fitila da nufin "ga ni nan, a kauce". Yawancin direbobin can "bismillah, wuce" suke fahimta, sai ya shigo gabanka kana kan gudu.

5. Kada ka wuce mota ta hagunta a babbar hanya, kada kuma ka shiga layin bas a lokacin da aka hana. Kyamara na kallo.

6. Kada ka yi fakin a kan jan layi ko ruwan ɗorawa guda biyu, kada ka tare ƙofar wani, ko da sallar Juma'a za ka shiga. Abin yana yi mini ciwo: kai ka sha tara, masallaci ya sha ƙorafin maƙwabta, a zagi addini saboda lalacin mutum ɗaya.

7. Kada ka shiga tsakiyar Landan da mota ba ka bincika kuɗin shiga ba. Ba shinge, ba mai karɓa, ta intanet ake biya. Wanda ya manta, tara ta ninka masa sau da yawa. In motar haya ce, kamfanin zai cire daga katinka har da ladan wahalarsa.

8. Kada ka yi tuƙi ranar da ka sauka daga jirgi. Gajiya da sabon hannu ba sa haɗuwa. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, ƙanƙara kuma tana kwanciya a kwalta ido bai ganinta.

9. Kada ka sa kilishi, dambun nama, man shanu ko fura da nono a jaka. An hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu. Za a ƙwace, in ka ɓoye kuma ka jawo wa kanka hukunci.

10. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko na waye. Abin da aka samu a jakarka naka ne. Magani irin tiramadol kuwa, sai da takardar likita mai sunanka.

11. Kada ka fita da wuƙa a aljihu ko a mota ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ɗaurin yana iya kaiwa shekara 4.

12. Kada ka yanka rago a bayan gida, ko na layya ko na suna. Yankan addini sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Je wurin mahaucin halal ka ba da saƙo.

13. Kada ka daki yaro, kada ka bar ƙarami shi kaɗai a gida ko a mota. Scotland ta haramta dukan yara gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022. A Ingila ma in duka ya bar shaida a jiki, malamar makaranta za ta kai rahoto, jami'an kula da yara su ƙwanƙwasa maka ƙofa. Akwai iyayen da aka raba da 'ya'yansu a kan haka, kuma dawo da su ba aikin kwana ɗaya ba ne.

14. Kada ka bi mace da magana, kada ka taɓa wanda ba ka sani ba, kada ka ɗauki hoton 'ya'yan mutane. Ƙara ɗaya ta isa ta ɓata maka tafiya.

15. Kada ka yi aikin kuɗi da bizar ziyara, kada ka ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adinka. Yana shiga tarihinka, gobe a hana ka.

In ka ji zuciyarka ba ta natsu da hannun hagu ba, ajiye makullin. Ga bas, ga jirgin ƙasa, za su kai ka inda za ka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.