Darasin Mako: Matakala, Tsani da Dabbobin Gida

A nan Danko, gidaje da yawa ba sa rasa kare ko kyanwa. Kare yana gadi, yana bin mafarauta daji. Kyanwa kuma tana hana ɓera sakewa a rumbun dawa. Sai dai mukan manta cewa gidan da suke tsarewa yana iya ji musu ciwo.

Ina haɗarin yake?
Benaye ba su da yawa a garinmu, amma muna da matakalar siminti a ƙofar ɗaki, da tsanin hawa rumbu, da rijiya a tsakar gida. Da damina siminti da tayil sukan yi santsi.

Su wa suka fi faɗuwa?
Na farko, ƙanana. Kwikwiyo ba ya buɗe ido sai bayan kwana 10 zuwa 14, amma yakan ja jiki tun kafin nan. Na biyu, tsohon kare mai ciwon gaɓɓai da raunin gani. Ana cewa kyanwa kullum a kan ƙafafunta take dira. Gaskiya ne tana juya jikinta kafin ta kai ƙasa, amma 'yar kyanwa ba ta ƙwarewa sai wajen mako 7, kuma ko babba takan karya ƙafa ko muƙamuƙi.

Me za mu yi?
1. Mu tare bakin matakala da katako har ƙananan su yi wayo.
2. Mu share ruwa da tsabar hatsi daga matakala, kada mu bar takalma a kai.
3. Mu kwantar da tsani da zarar an gama aiki.
4. Mu rufe rijiya da murfi mai nauyi.
5. Mu hana ƙannenmu ɗaukar su suna hawa sama.

Idan dabba ta faɗi fa?
Kada mu kai mata hannu da gaggawa, domin zafin ciwo yana sa ta ciji ko mai ita. Mu kira babba ya lulluɓe ta da tsumma, a kai ta wurin likitan dabbobi. Kada a ba kyanwa farasitamol, guba ne a gare ta. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti saboda ciwon haukan kare.

Aikin gida
Kowa ya zagaya gidansu yau, ya rubuto wurare uku masu haɗari da yadda ya gyara su. Za mu liƙa amsoshin da suka fi kyau a allon nan mako mai zuwa.