Matakai shida kafin ka sayi zinariyar ajiya a Tawa

Tun 2014 da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten, samarin Adar ke bin hanyar Agadas, wasu su dawo da ƙullinsu. Daga nan magana ta bazu a kasuwa cewa zinariya ba ta da haraji. Akwai ƙasashen da suka ɗauke mata haraji, amma ga wani iri kaɗai, kuma rangwamen ba ya bin mutum zuwa gida. Ga yadda za ka bi.

1. San irin wadda ke hannunka. Zinariya kashi uku ce: ɗanya daga rami, kayan ado, sai sanda da tsaba na ajiya. Rangwame na kashi na uku ne. Tarayyar Turai ta ɗauke harajin TVA tun shekarar 2000 a kan sandar da tsaftarta ta kai 995 cikin 1000, da tsabar da ta kai 900 kuma aka buga bayan 1800. Azurfa ba ta ciki. A Dubai, inda yawancin zinariyar Nijar ke zuwa, an sa harajin 5 cikin 100 a 2018. Zinariya da azurfar ajiya masu tsafta 99 cikin 100 ba sa biya, sarƙa da warwaro kuwa suna biya.

2. Gwada tsafta a gabanka. Karat 24 ita ce zalla. Karat 22 daidai take da 916 cikin 1000, 21 kuwa 875, sai 18 mai 750. Ke nan sarƙa mai giram 40 ta karat 21, giram 35 ne zinariyarta. Maƙeri zai goga ta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan asid a kan zanen: in zanen ya tsaya, ta kai, in ya dushe, akwai gauraye. Ka sa a auna ta a sikeli biyu, a shago biyu.

3. Je ofishin haraji da kanka. A Nijar TVA na gama-gari 19 cikin 100 ne, kuma abin da kundin haraji ya ambata da suna ne kawai ake yafe wa. Kan kaya na jikka 500, harajin jikka 95 ne, kuɗin da ya isa a yi tattaki a kansa. Ka tambayi reshen hukumar haraji (DGI) na Tawa matsayin abin da za ka saya, a nuna maka ayar dokar. Ko daga Abalak ko Cintabaraden kake, kada ka tsaya ga bakin dillali.

4. Sayi wurin mai izini, ka karɓi takarda. Ta ƙunshi sunan shago da lambarsa ta haraji (NIF), da nauyi, da karat, da farashin giram, da haraji a layinsa daban. Ranar sayarwa ko rabon gado, ita ce shaidarka.

5. Kula da iyaka. Yafewar Dubai a Dubai take ƙarewa. In ka shigo da zinariya, ka bayyana ta ga duwan. Fitar da ita kuma sai da izinin ma'aikatar ma'adinai, ko da Sakkwato za ka kai ta ta hanyar Ƙonni. Wanda ya ɓoye ta a ƙugu don gudun kuɗin takarda yana iya rasa ta gaba ɗaya.

6. Fitar da zakka. Ko gwamnati ta yafe, wannan na nan. Nisabin zinariya dinari 20 ne, wajen giram 85. Na azurfa dirhami 200, wajen giram 595. In shekara ta zagayo, a fitar da 2.5 cikin 100: giram 100 na ba da giram biyu da rabi. A mazhabar Malikiyya, kayan adon da mace ke sawa ba su da zakka, amma sanda da tsabar ajiya suna da ita. Rubuta ranar da ajiyarka ta kai nisabi a bayan takardar ciniki, don daga ranar ake lissafin shekara.