Abin da jini ke nunawa bayan yaro ya bugu a kai

Buguwar kai a wurin yaro rauni biyu ne, ɗaya na bin ɗaya. Na farko yana aukuwa ne a daidai lokacin da kan ya haɗu da ƙasa, ko dutse, ko kofaton jaki. Abin da ya tsage ya riga ya tsage, babu likitan da zai mayar da shi. Na biyu yana tasowa a awannin da ke biyo baya: ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba ta wuri, sai ta matse jijiyoyin da ke kai mata jini da iska. Wannan kumburi yakan kai maƙura tsakanin kwana na 2 da na 3, wani lokaci ya zarce. Aikin asibiti kusan dukansa a kan rauni na biyu yake.

A yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na kudancin Katsina, sanadin yana bin kakar shekara. Da bazara, faɗowa daga bishiyar mangwaro. Da damina, rushewar katangar ƙasa. Da kaka, faɗowar yaron da aka ɗora saman buhunan masara a amalanke ko a babur. Haɗarin babur kam ba shi da lokaci, kuma ba kasafai ake ganin yaro da hular kwano ba.

Abu na farko da ma'aikacin lafiya ke aunawa shi ne hayyacin yaron, da ma'aunin Gilasgo wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Ma'aunin yana faɗin halin da yaron ke ciki a wannan sa'ar. Abin da zai zama gobe kuwa, a nan ne masu bincike suka koma ga jini.

Da zarar naman ƙwaƙwalwa ya ji ciwo, jiki yakan tashi kamar an kawo masa hari. Fararen ƙwayoyin jini nau'in nutrofil, waɗanda su ne 'yan gaba a kowane faɗa, sukan yawaita cikin 'yan awanni, su ratsa shingen da ke raba jini da ƙwaƙwalwa, su ƙara kumburi. Wani nau'in, limfosayit, shi kuma raguwa yake yi saboda sinadaran firgici da jiki ke saki. Idan aka raba adadin na farko da na biyu sai a sami lamba guda, wadda ake taƙaita sunanta da NLR. Misali, takardar gwaji ta nuna nutrofil 12,000, limfosayit 1,500: lambar ta zama 8. Babu wani sabon gwaji a nan. Ƙirgen ƙwayoyin jini ne na yau da kullum, wanda ake ɗiba a 'yar kwalba mai murfi ruwan goda, sai lissafin da ake yi a bayan takarda da biro. Binciken da aka yi a kan yara ya nuna cewa waɗanda lambar tasu ta ci gaba da hawa a awa 24 da awa 48 sun fi fuskantar mutuwa ko nakasa mai ɗorewa. Hawa ko saukar lambar tsakanin gwaji biyu ya fi gwaji ɗaya tilo amfani.

Sinadarin CRP, wanda hanta ke fitarwa, yana da nawa. Sai bayan awa 6 zuwa 8 yake fara tashi, ya kai ƙololuwa wajen kwana 2, don haka ganin sa ƙasa a sa'ar farko ba ya wanke yaro. Sukarin jini ma yana magana: yawansa bayan buguwa mai tsanani alama ce maras kyau, ƙarancinsa kuma shi kansa yana lalata ƙwaƙwalwa, ga shi tsinken yatsa ɗaya ya isa a gane. Akwai kuma sinadaran da ke yoyowa daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwar kansu, irin su S100B da GFAP da UCH-L1. A Fabrairun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin biyun ƙarshe, amma don manya, domin rage yawan hoton CT marar dalili. Tsadarsu ta sa har yanzu sun fi ƙarfin ƙananan asibitoci.

Inda maganar ta fi buƙatar natsuwa shi ne karanta waɗannan lambobi a jikin yaron wannan yanki. Yawancin binciken an yi shi ne a ƙasashen da babu zazzaɓin cizon sauro. A kudancin Katsina kuwa, daga Agusta zuwa Oktoba, yaron da ya faɗo daga amalanke yana iya zuwa da maleriya a jininsa tun kafin faɗuwar, ita kuma tana ɗaga CRP, ta rage limfosayit, ta rage ƙwayoyin daskarar da jini. Mai ciwon sikila fararen ƙwayoyinsa a sama suke ko yana lafiya ƙalau. Shekaru ma suna sauya lissafi, don yaron da bai kai shekara 4 zuwa 6 ba limfosayit ne suka rinjaya a jininsa, saboda haka lambar da ta zama ba komai ga ɗan shekara 14 tana iya zama babba ga ɗan shekara 2. Sannan ga gado: mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jan ƙwayoyin jininsu, kuma masu wannan halitta nutrofil ɗinsu yakan zauna ƙasa ba tare da wata cuta ba. Hatta S100B ya fi yawa a jinin masu baƙar fata da na jarirai. Ɗauko iyakar lamba daga wata ƙasa a ɗora wa yaron Sabuwa kai tsaye ganganci ne, musamman da yake masu binciken kansu ba su tsaya a kan lamba ɗaya ba.

Akwai kuma abin da jini ba ya gani da wuri. Yaro ya faɗo a kan gefen kansa, saman kunne, inda ƙashin ke da sirara. Ya suma na ɗan lokaci, aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo, ya ci tuwonsa, kowa ya ce an auna arziki. Bayan isha'i ya fara amai, ya kwanta, da asuba aka kasa tashinsa. Jijiya ce ta tsinke a ƙarƙashin ƙashin, jini yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Hoton CT ne ke nuna wannan, tiyata ce maganinsa, kuma idan aka yi ta kan lokaci yaro yakan warke sarai. Daga Faskari ko Sabuwa hanya takan bi ta Funtuwa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, daga Ƙanƙara a nufi Katsina ko asibitin Malam Aminu Kano. Rashin tsaro ya sa direbobi da yawa ba sa bin hanyoyin nan bayan magariba, don haka shawarar tura yaro gaba da rana tsaka ake yanke ta, ba a zauna jiran takardar gwaji.

Jin kalmar kumburi yakan sa wasu su garzaya kemis neman maganin sace kumburi. Babban gwajin CRASH, wanda aka buga sakamakonsa a 2004 bayan an bi manya sama da 10,000 masu raunin kai, ya nuna cewa magungunan sitiroyid ƙara yawan mutuwa suka yi, kuma ka'idojin kula da yara ma ba su yarda da su ba. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna iya ƙara zubar jini. Farasitamol ya wadatar don ciwon kai. Wanda bai dawo hayyacinsa ba kuma ba a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko kunu, don huhu za su tafi. A kwantar da shi ta gefe, kai da wuya a miƙe, a ɗauke shi a haka.

Iyaye su kai yaro asibiti nan take in ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa na wuya, ko ya yi jijjiga, ko baƙin idonsa ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko jini ko farin ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko ɓarin jiki ɗaya ya saki, ko maɗigar jariri ta tasa. A riƙe lokacin da ya faɗi, a gaya wa ma'aikaci ko ya suma, ko yana da sikila, ko ya yi zazzaɓi a satin, domin da waɗannan ake karanta takardar jinin.