Ina Manhaja Ke Samun Lokaci?

Wani ɗalibi daga Filinge, a ƙasar Kurfai, ya aiko da tambaya: yaya zai sa manhajar da yake rubutawa da yaren asambili ta gaya masa ƙarfe nawa?

To malam, manhaja ba ta taɓa agogon kwamfuta da hannunta, sai ta roƙi zuciyar Linux. A kwamfuta mai x86-64, zuba lamba 201 a rijistar rax, sa sifiri a rdi, sannan ka rubuta syscall. Amsar na dawowa cikin rax. Ƙara ret, raɗa wa wannan ɗan guntu suna, duk sanda buƙata ta taso sai ka kira shi.

Amma kada ka sa ran ganin ƙarfe bakwai da rabi. Abin da zai fito adadin daƙiƙoƙi ne tun tsakar daren 1 ga Janairu 1970, agogon GMT. Nijar na gaban GMT da awa ɗaya, don haka ƙara 3600 kafin ka soma rabawa don fitar da awa da minti. A nan na fi ganin ɗalibai na tuntuɓe. A tsohuwar kwamfuta mai bit 32 kuwa, lambar kiran 13 ce, kuma ƙidayarta za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038.